Takardar da Na Ɓoye Shekara Ashirin da Huɗu

Ni Bahaushe ne, haifaffen wani ƙauye a ƙasar Malumfashi cikin Jihar Katsina, kuma Kirista ɗan ɗariƙar Katolika, kamar yadda mahaifina ya zama tun zamanin da su Fada 'yan Dominikan daga Amurka suke ratsa ƙauyukanmu suna kafa ƙananan majami'u. Dangin mahaifiyata kuwa kusan dukansu Musulmi ne, saboda haka na tashi ina cin tuwon Sallah a gidan Kawu, su kuma suna cin shinkafar Kirsimeti a gidanmu. Na yi aikin koyarwa a firamare fiye da shekara talatin, rabin farko a gida, sauran a birnin Sakkwato, inda nake zaune har yau. Shaidar da zan bayar ta shafi wani mutum da bai san ni ba, wato Bishop Matthew Hassan Kukah. Ban taɓa zama da shi mu biyu ba, kuma da zai gamu da ni a hanya ba zai iya kiran sunana ba, amma akwai wata takarda mai shafi huɗu wadda saboda shi aka rubuta ta, na ɓoye ta shekara ashirin da huɗu, kuma kallon rayuwarsa ne ya hana ni sakat har na fito da ita.

Yayana, ɗan farin Inna, direban babbar mota ne. Yakan ɗauki masara da dawa daga kasuwannin Dandume da Funtuwa ya kai Kudu, ya dawo da manja da goro, kuma da kuɗin wannan tuƙi ya ɗauki nauyin karatuna a makarantar horar da malamai bayan rasuwar mahaifinmu. Saboda alkunya irin ta ɗan fari, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. In tana son magana a kansa sai ta ce "mai motar nan", in ya shigo gaishe ta kuma sai ta kawar da kai ta amsa a taƙaice, alhali kuwa kowa ya san ba ta runtsawa duk daren da yake kan hanya.

A wata kaka, a tsakiyar shekarun 1990, lokacin mulkin soja, yaron motarsa ya iso gidanmu da asuba, ƙafafunsa duk ƙura, ya ce an tsare maigidansa a wani shingen hanya. Masu kayan sarkin da ke wurin sun nemi fiye da abin da aka saba miƙa musu, Yaya ya ce kuɗin da ke jikinsa na mai kaya ne, magana ta yi tsawo, suka finciko shi daga kan kujera suka yi ta dukansa da gindin bindiga a gaban jama'a, sannan suka jefa shi a bayan mota suka tafi da shi. Kwana huɗu muka yi muna bin sawu, sai da Kawu ya sayar da bijiminsa na noma kafin aka sako mana shi. Na tuna yadda muka kwantar da shi a kan tabarma a ɗakin Inna, ba ya iya juyawa ta gefen hagu, in ya yi tari sai matarsa ta tara masa ƙaramin kwano, ta fita da shi a rufe da gefen zanenta don kada Inna ta ga jinin. Inna kuwa ta gani tun ranar farko, ba ta dai ce komai ba. Mun kai shi asibiti, aka yi iya abin da za a iya, a rana ta goma sha biyu ya cika. Ya bar 'yan mata biyu da mata mai cikin wata shida.

A wurin zaman makoki bakin Musulmi da na Kirista ya zo ɗaya. Kowa ya shigo sai ya ce kwana ne ya ƙare, sai haƙuri. Da na tayar da maganar kai ƙara, Kawu ya ja ni bayan rumbu ya ce, "Ɗana, faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa. Ka ga marayu uku a gabanka, kada ka ƙara mana na huɗu." Ban ga laifinsa ba, domin a wancan zamani manyan mutane ma ba su tsira ba. An rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a watan Nuwamba na 1995, an harbe Kudirat Abiola a kan titin Legas a 1996, kuma namu na Katsina, Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamba na 1997. In haka ta sami masu suna, wa zai saurari malamin firamare a kan direban mota? Da aka haifi yaron muka riƙa kiransa Audi, kamar yadda ake kiran duk namijin da ya zo duniya bayan rasuwar ubansa, muka kuma daidaita a tsakaninmu cewa in ya girma za a gaya masa ciwon ƙirji ne ya kashe mahaifinsa.

A watan Yuni na 1999, makonni kaɗan bayan soja sun miƙa mulki, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin binciken take haƙƙin ɗan'adam a ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, aka yi shela cewa duk wanda aka zalunta ya rubuto kokensa. Inna ce ta fara ji a rediyo. Da na dawo daga makaranta ta kira ni ɗakinta ta tambaye ni ko gaskiya ne akwai Fada a cikin masu sauraron ƙarar. Na ce mata gaskiya ne, sunansa Fada Kukah, mutumin Kudancin Kaduna, wanda a lokacin shi ne babban sakataren ofishin bishop-bishop na Katolika a Legas, kuma mun sha jin sunansa a shekarun soja saboda ba ya ɓoye abin da ke bakinsa. Sai ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "Malam, kai da ka yi boko, rubuta musu. Tunda akwai Fada a ciki, ba za a jefar da takardar talaka ba." A daren nan na kunna fitilar ƙwai na yage shafuka daga tsakiyar littafin rubutu, tana faɗa ina rubutawa. Da muka zo wurin sunan mamaci na ɗaga kai ina jira, sai na ji ta furta sunan Yaya da bakinta, cikakke, har da na mahaifinmu. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da na ji haka daga gare ta.

Ranar kasuwa na tafi gari da takardar a aljihu, na sayi ambulan da kan sarki, na rubuta adireshi, na tsaya a gaban akwatin gidan waya. Ina tsaye wata motar masu kayan sarki ta wuce a hankali, ba wanda ya ko dube ni a cikinsu, amma gabana ya faɗi. Na tuna ni ma'aikacin gwamnati ne, sunana da na ƙauyenmu suna rubuce a ƙasan takardar, kuma soja sun taɓa tafiya a 1979 suka dawo bayan shekara huɗu. Na mayar da ambulan aljihu na hau keke na koma gida. Da Inna ta tambaye ni, na ce mata na aika. Wannan ƙarya ita ce nauyin da na fi kowane nauyi daɗewa ina ɗauke da shi.

Da aka fara zaman sauraron jama'a a ƙarshen shekarar 2000, kullum da dare mukan taru a shagon wani mai janareto mu kalli talabijin. Kwamitin ya zauna a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano da Inugu. A nan na fara ganin fuskar Fada Kukah, yana zaune a jere da alƙali, yana sauraron matan da aka kashe wa maza da fursunonin da aka azabtar, yana kuma yi wa manyan hafsoshin da a da ba a iya ɗaga ido a dube su tambaya cikin natsuwa, wani lokaci har da raha, ba tare da ya sassauta tambayar ba. Obasanjo da kansa ya je ya zauna a kujerar shaida, amma tsofaffin shugabanni uku, Buhari da Babangida da Abdulsalami, ba su amsa gayyatar ba. Duk daren da na dawo daga kallo sai Inna ta ce, "Malam, ba su kira mu ba tukuna?" Ni kuma in ce mata masu ƙara suna da yawa. Wannan kam gaskiya ne, domin koke kusan dubu goma aka aika, kaɗan ne daga ciki aka saurara a bainar jama'a, amma na san da gaskiyar nake rufe ƙaryata. Inna ta rasu da damina kafin kwamitin ya gama aikinsa, tana jiran kiran da na san ba zai zo ba.

A watan Mayu na 2002 aka miƙa rahoton, gwamnati ba ta taɓa wallafa shi a hukumance ba, sai a 2005 wasu ƙungiyoyin farar hula suka fitar da shi da kansu. Na yi amfani da wannan na lallashi zuciyata, ina cewa ga shi ko waɗanda suka aika ba su sami komai ba. Amma na san akwai abin da suka samu wanda mu ba mu samu ba, domin sunayen mamatansu sun shiga rubutu, wani ya buɗe ambulan ya karanta, an kuma shaida cewa an yi mutumin kuma an zalunce shi. Takardata kuwa tana cikin Littafi Mai Tsarki na mahaifina, a ƙasan akwatin ƙarfe, kuma da ita na yi ƙaura zuwa Sakkwato.

Ina nan ina koyarwa, a watan Yuni na 2011, sai labari ya zo cewa Paparoma Benedict na 16 ya naɗa Fada Kukah ya gaji Bishop Kevin Aje a dayosis ɗinmu ta Sakkwato, wato yankin majami'un da ke ƙarƙashin bishop ɗaya, wadda a lokacin ta haɗa Sakkwato da Zamfara da Katsina da wani sashe na Kebbi. Mutane suna murna, ni kuwa ji na yi kamar wanda na ci bashinsa ne ya tare a unguwarmu. Ranar 8 ga Satumba aka keɓe shi, ina cikin taron, a can baya, ina karanta tarihinsa a ɗan littafin da aka raba. An haife shi ranar 31 ga Agusta, 1952, a Anchuna ta ƙasar Ikulu cikin Zangon Kataf. Ya yi ƙaramar makarantar horar da limamai ta St. Joseph a Zariya da babba ta St. Augustine a Jos, ya zama Fada a watan Disamba na 1976 yana da shekara 24, ya karanci ilimin zaman lafiya a Jami'ar Bradford ta Ingila, ya kuma yi digirin digirgir a Jami'ar Landan a kan addini da siyasa a Arewacin Nijeriya. Bayan kwamitin Oputa ya yi sakataren taron gyaran siyasa na ƙasa a 2005, ya shiga tsakanin mutanen Ogoni da kamfanin Shell, ya kuma zauna a kwamitin Mai Shari'a Uwais na gyaran dokokin zaɓe.

Abin da ya tsaya mini a rai a cikin wannan tarihi duka shi ne sunan Zangon Kataf. Duk Bahaushen da ya kai shekaruna ya san jinin da aka zubar a can a 1992, kuma watanni biyar kacal kafin wannan biki, bayan zaɓen Afrilu na 2011, an sake yin ɓarna a Zonkwa da Kafanchan da garuruwa da yawa na Arewa, inda aka rasa ɗaruruwan rayuka daga kowane ɓangare. Ga shi an ɗauko ɗan wannan ƙasa an kawo shi mazaunin Daular Usmaniyya. Mu Hausawa Kirista mun fi kowa jin tsoron irin wannan haɗuwa, domin in muka je Kudu ana ganinmu Hausawa, a gida kuma wasu ba sa ganinmu cikakkun 'yan gida, saboda haka duk dutsen da aka jefa daga kowane gefe a kanmu yake sauka. Na yi zaton ko dai zai zo da ɗacin ƙasarsu, ko kuma ya kama bakinsa don ya zauna lafiya. Ko ɗaya bai yi ba. Ya ƙulla zumunci na zahiri da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar na Uku, ana ganinsu tare a taruka, bakinsa kuma bai mutu ba.

Amfanin wannan zumunci na gan shi da idona a 2015. Ana saura makonni zaɓe, tashar mota ta cika da 'yan kasuwa mutanen Kudu suna ɗaure katifu a saman bas, kowa yana tuna 2011. A lokacin ne aka kafa Kwamitin Zaman Lafiya na Ƙasa, Janar Abdulsalami Abubakar yana shugabanta, Bishop Kukah ne ya tattaro shi, Sarkin Musulmi da Kadinal John Onaiyekan suna ciki. Na yi mamakin ganinsa yana aiki kafaɗa da kafaɗa da ɗaya daga cikin mutanen da suka ƙi zuwa gaban kwamitin Oputa, kuma na daɗe kafin na fahimci cewa faɗa wa mutum gaskiya bai hana a nemi hannunsa wajen kashe gobara ba. Ranar 26 ga Maris Jonathan da Buhari suka sake sa hannu a kan alkawarin zaman lafiya suka rungumi juna, ranar 31 ga wata kuma Jonathan ya buga waya ya amince da kaye. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba zan ɗora masa abin da Allah ya yi ta hannun mutane da yawa ba, amma na san a wannan makon matata ta kwance kayan da ta ɗaure.

Shekarar 2020 ce ta fi kowace nauyi. A daren 8 ga Janairu 'yan bindiga suka shiga makarantar horar da limamai ta Good Shepherd da ke Kakau a hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka sace ɗalibai huɗu. Uku sun dawo, na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18, ɗan dayosis ɗinmu, gawarsa aka tsinta. Bishop ne ya yi wa'azin jana'izarsa a watan Fabrairu, ya yi wa gwamnati magana mai zafi, ya kuma gargaɗi Kirista kada su ɗauki hanyar ramuwa. Wanda yake wannan magana ya san ciwon a gidansa, domin a farkon 2018 an sace ɗan'uwansa, sarkin Ikulu, kafin daga baya aka sako shi. Ni kuwa da na ga hoton yaron nan sai na tuna Audi, wanda ya girma ya kama sana'ar ubansa ba tare da ya san abin da hanya ta yi wa uban ba.

A saƙonsa na Kirsimeti na wannan shekarar ya zargi gwamnatin Shugaba Buhari da fifita 'yan yankinsa wajen naɗe-naɗe, har ya ce da shugaban da ba Musulmin Arewa ba ne ya yi kaɗan daga cikin haka, da tuni an yi juyin mulki. Gari ya ɗauki zafi. Maƙwabcina, wani Alhaji mai sayar da yadi wanda muka yi shekaru muna shan inuwar dalbejiya ɗaya, ya tare ni da yamma ya ce, "Malam, me muka yi wa shugabanku? Muna binne namu a Zamfara da Sabon Birni kullum, sannan a ce mu ne muke cin daɗin mulki?" Na ce masa, "Alhaji, da gwamnati yake, kuma ba gwamnatin da ya ƙyale tun zamanin soja." Amma a zuciyata na san Alhaji yana da tasa gaskiyar. Har yau ina ganin maganar juyin mulkin nan ta yi kaifin da ya wuce buƙata, kuma akwai wani abu da nake jin ciwonsa game da Bishop, wato yawancin manyan maganganunsa da Turanci yake yinsu don kunnen Abuja, talakan Sakkwato kuwa sai dai ya ji guntunsu a rediyo ko a Facebook bayan wani ya zaɓo inda ya fi zafi. A watan Janairu na 2021 wata ƙungiyar Musulmi a Sakkwato ta ce ya nemi gafara ko ya bar jihar. Fadar shugaban ƙasar da ya soka ita ce ta fito ta ce ba wanda ke da ikon korar ɗan ƙasa daga inda yake zaune. Bai janye maganarsa ba, bai kuma bar garin ba. Ranar Lahadi ina zaune a benci ina kallonsa a gaban bagadi, ina auna shi da mutumin da motar da ba ta ko tsaya ba ta kora daga gaban akwatin gidan waya.

Sai kuma ranar 12 ga Mayu, 2022, da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci ga Annabi Muhammadu. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi Allah wadai da kisan, Bishop ma ya yi, ya ce a ɗauki abin a matsayin laifin da doka za ta hukunta, ya kuma tunatar da cewa Kirista sun daɗe suna zaune lafiya da maƙwabtansu Musulmi a Sakkwato. Ranar Asabar 14 ga wata zanga-zanga ta ɓarke, aka farfasa tagogi a harabar babban cocinmu na Holy Family, aka kai hari cocin St. Kevin a Gidan Dare, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar hana fita. Da la'asar na ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya, na buɗe sai ga Alhaji, wanda tun gardamar Kirsimeti gaisuwarmu ta ragu. Ya ce, "Malam, fito da iyalinka ku shigo gidana. Wanda zai taɓa ku sai ya fara da ni." Matata da 'ya'yana mata suka shiga cikin gida wurin Hajiya, ni da shi muka zauna a zaure a kan darduma, da rediyo da buta a tsakaninmu.

A daren nan saƙonni suka yi ta shigowa wayata cewa an ƙone gidan Bishop, 'yan'uwa daga Jos da Kaduna suna ta kira, wasu har suna maganar ramuwa. Ba a jima ba sanarwa ta fito daga dayosis cewa ba a taɓa gidansa ba, an dakatar da sujada a cikin birni har a ɗage doka, kuma Kirista su zauna lafiya su yi addu'a. Na karanta wa Alhaji, ya ce in sake karantawa. Da Bishop ya yi shiru ya bar jita-jitar ta yi tafiyarta, da duniya ta ƙara tausaya masa, amma da wataƙila an zubar da jinin wani Bahaushe mai sayar da albasa a wani gari mai nisa. Ya ƙaryata ƙaryar da take goyon bayansa da saurin da yake ƙaryata wadda take sukarsa. Irin wannan hali ne ya sa daga baya, a 2025, wasu Kirista suka yi fushi da shi da ya ce bai goyi bayan Amurka ta sake sa Nijeriya a jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini ba, ko da yake shi da kansa ya yi wa 'yan majalisar Amurka bayanin wahalar Kiristan Arewa a 2021.

Ban san abin da ya buɗe bakina a zauren nan ba, ko tsoron mutuwa ne ko kunyar abin da na karanta, amma na ba Alhaji labarin Yaya da takardar da ƙaryar da na yi wa Inna, abin da ko matata ban taɓa gaya wa ba. Ya daɗe yana jan carbi bai ce komai ba. Can ya ce, "Malam, kai kana kiran wannan haƙuri, ni kuwa amana na gani a hannunka, kuma mai ita yana da rai." Bayan kwana goma sha ɗaya aka sace Fada biyu a Gidan Maikambo cikin Ƙaramar Hukumar Kafur, kusa da ƙasarmu, suka yi fiye da wata guda a daji, hanyar gida ta zama abin tsoro, ni kuma na sami sabon dalilin jinkiri. Na je na yi ikirarin zunubina a gaban Fada, amma takardar ta ƙara shekara ɗaya da rabi a akwati.

A ƙarshen 2023 Paparoma Francis ya yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato, ya naɗa ɗan Malumfashi, Gerald Mamman Musa, ya zama bishop ɗinta na farko. Ƙauyenmu ya fita daga hannun Bishop Kukah ke nan, sai na ji kamar wa'adin da aka ba ni ne ya cika. A watan Disamba na shirya zuwa bikin keɓewar, na buɗe akwatin ƙarfe na ɗauko ambulan, kan sarkinsa yana nan manne, gefensa ya yi ja saboda daɗewa. Bayan biki na wuce ƙauye. Na tarar da Audi ya dawo daga Kudu, yana ƙarƙashin mota shi da yaronsa suna ɗaure wani abu, ya fito yana goge hannu da tsumma ya durƙusa ya gaishe ni. Na ce ya kira mahaifiyarsa da yayyensa mata, muka zauna a tsohon ɗakin Inna, wanda yanzu buhunan masara ne a ciki.

Na fara da neman gafararsu, sannan na yage ambulan na karanta shafi huɗun daga farko har ƙarshe. Mahaifiyarsa ta rufe fuska da mayafi tun daga shafin farko, domin ita ce mai kwanon. Audi bai motsa ba har na gama. Sai ya ce, "Baba, wa ya faɗi sunan nan da ke sama?" Na ce Inna ce, da bakinta. Ya ce in sake karanta masa wurin, na sake. Ya miƙo hannu biyu na ba shi takardar, ya ninke ta yadda take a da, ya sa a aljihun gaban rigarsa. Daga nan ya tambaye ni ko yaron motar mahaifinsa yana da rai, na ce masa yana nan a Funtuwa, ya tsufa, yana sayar da taya. Ya ce in kwana da shiri, gobe da sassafe zan raka shi wurinsa.